Tarihin Sikeli a Ƙasar Zazzau

Kafin zuwan Turawa, da mudu mutanen Zazzau ke awon hatsi. Mudu kuwa cikarsa ake dubawa, ba nauyinsa ba. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu kusa da tasha, kamfanoni suka shiga sayen auduga da gyaɗa. Su ba ruwansu da mudu, sai sikeli, lissafinsu kuma da laba ne, laba 2,240 tan guda ke nan. A 1922 aka buɗe gonar gwaji ta Samaru, nan ma sai an aza amfanin kowace eka bisa sikeli kāna a san irin da ya fi albarka.

A zamanin nan manoma da yawa ba su karanta lamba, abin da malamin sikeli ya faɗa shi ke nan. Alhali kuwa sikeli ba siddabaru ba ne. A dubi na ratayewa, mai ƙugiya. Cikinsa akwai murɗaɗɗiyar waya ta ƙarfe, wadda makanikai ke kira sifirin. Abin da ake ce wa nauyi, ai jan da ƙasa ke yi wa kaya ne. In aka rataya kaya, jan nan sai ya miƙar da wayar, ita kuma ta juya allura.

Wani masani na Ingila, Robert Hooke, shi ya bayyana ƙa'idar abin a 1678: gwargwadon ja, gwargwadon miƙewa. Watau in kilo 5 ya miƙar da waya santimita 1, kilo 20 zai miƙar da ita santimita 4. Amma in aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ba ta komawa yadda take. Daga ranar sikelin ya zama maƙaryaci.

Bayan an sake kuɗi zuwa naira a 1973, dokar awo ta 1974 ta tabbatar da kilo a madadin laba. Kilo 1 laba 2 ne da ɗigo 2. Saboda haka buhu mai kilo 50 laba 110 ne, laba 100 kuma kilo 45 ne da 'yan kai. Waɗansu sikeloli layin lamba biyu gare su, na laba da na kilo. Wanda ya sayi kilo 22, aka nuna masa 22 a layin laba, kilo 10 kaɗai ya tafi da shi gida.

To, wanda Allah ya ba sanin karatu, in ya je kasuwa ya lura da abu uku: allura ta tsaya kan sifiri kafin a rataya kaya, ya san layin da ake karantawa, ya kuma yi lissafinsa da kansa. Tauye mudu haramun ne, tauye sikeli ma haka.