Maimaita aikin ablashan a zuciya

Ablashan aiki ne da ake yi wa mai fama da rikicewar bugun ɗakunan sama na zuciya. Rikicewar da ta wuce kwana 7 ba ta lafa ba ita ake kira mai naci, kuma ta fi yawan dawowa bayan aiki.

Likita kan zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, ya ƙone ko ya daskarar da naman da ke kewaye da bakin jijiyoyi huɗu masu kawo jini daga huhu. A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux, Faransa, suka nuna cewa daga nan tartsatsin lantarkin da ke rikita bugun yakan taso. Wani lokaci tabon kan warke ya bar giɓi, lantarkin ya sake ratsawa. Toshe giɓin shi ne gundarin aiki na biyu, kuma akan jira kamar wata 3 kafin a yanke shawara.

Mai wannan ciwo da ke zaune a unguwar Kalpohin ta Tamale yana da Asibitin Koyarwa na Tamale kusa da shi don gwajin ECG, amma cibiyar zuciya ta ƙasa tana Korle Bu, Accra. Ko bugun ya daidaita, mai haɗarin shanyewar ɓarin jiki ba ya barin maganin tsinka jini sai da izinin likita.