Daga Yamai zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru da ta Koma ta Awa Shida



Tsakanin filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 4,000, kuma jirgin da bai yada zango ba yana cinye su cikin kamar awa 6. Kafin ku raina wannan nisa, ku ji yadda magabata suka keta shi.

Maniyyacin da a ƙasa yake fita, da jaki ko raƙumi, bayan ya yi wasiyya ya nemi gafarar dangi, domin ba kowa ke dawowa ba. Hanyar ta bi ta Kano da Barno, ta shiga Chadi ta Abeshe, ta ratsa Darfur zuwa El-Obeid, inda layin dogo ya iso a 1912, sannan Khartum da tashar Sawakin, a hau jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya. Guzuri kan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko koyar da allo har ya tara na gaba. Haka tafiyar kan ci shekaru. Wasu sun zauna a gonakin audugar Jazira, jikokinsu suna Sudan har yau. Garin Mai Wurno na bakin Kogin Nilu ma, Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa shi, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, amma sai a shekarun 1950 jigilar alhazai ta sama ta kankama. Ko a yau hanyar ba ta rabu da halin ƙasashen da ake ratsawa ba: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe samaniyarta, jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Saurin nan ya zo da nasa nauyi. Agogon Saudiyya ya riga na Nijar da awa 2. Idan jirginku ya tashi ƙarfe 10 na safe, za ku sauka wajen ƙarfe 6 na yamma a agogon Jidda: Azahar ta wuce kuna sama, La'asar tana gab da fita. Matafiyin ƙasa yana ganin rana, yana tsayawa a miƙati da ƙafarsa, ku kuwa jirgi zai gifta daidai miƙati cikin ɗan lokaci kaɗan. Don haka tun kafin ku bar gida ku tambayi malamai hukuncin ƙasaru da haɗa salla, ku kuma bincika ko Madina za a fara sauke ku ko Jidda, ku san inda za ku ɗaura harami.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, Ya kira mu ɗakinSa muna masu sani. Amin.