Trypanosomiasis: Sunan Sammore a Takardar Bature

'Yan uwa makiyaya da fatake, wannan kalma mai haruffa 15 kuna cin karo da ita a kwalin maganin shanu da takardar likitan dabbobi. Kada tsayinta ya razana ku. Sammore ce, wadda ƙudan tsando ke sa wa dabba. Ciwon barci na mutane ma da sunan ake kiransa.

Gaɓa bakwai gare ta: try-pa-no-so-mi-a-sis. Bature yana danna murya a gaɓa ta biyar, ya ce "mai", ba "mi" ba. Mu kuwa harshenmu ba ya fara kalma da baƙi biyu a manne, shi ya sa muke cewa burodi da firamare. To, ka ce "tirifanosomayasis", likita zai gane ka.

Asalinta ba Turanci ba ne, Girkanci ne, guntu uku aka ɗinke. Trypano abin huda itace ne, mai shiga yana murɗawa. Soma jiki ke nan. Iasis kuma cuta.

Wa ya ɗinke su? A 1843 wani likita a birnin Faris, David Gruby, ya ga wata ƙwaya a jinin kwaɗo tana murɗa jiki kamar abin huda, sai ya raɗa mata Trypanosoma. A 1894 aka tura David Bruce, likitan sojan Birtaniya, ƙasar Zulu a kudancin Afirka, inda shanu ke ta mutuwa. Ya iske irin wannan ƙwaya a jininsu, a 1895 kuma ya nuna tsando ke ɗauko ta. Daga baya aka kafa cibiyar binciken cutar a Kaduna.

Idan ka ƙetara Nijar, Kamaru ko Chadi, takardar Faransanci za ta ce trypanosomiase ko trypanosomose. Kai ɗaya ne, wutsiya ce ta sauya. In ka ga trypanocide, wutsiyar tana nufin mai kashewa, wato maganin ƙwayar.

Saboda haka, ran kasuwa kafin ka zaro kuɗi, duba jerin cututtukan da ke jikin kwali, ko ka sa yaro ɗan makaranta ya duba maka, ko akwai trypano. In babu, ajiye shi. In akwai, je wa likitan dabbobi ya tabbatar sammore ce, ya faɗa maka awo daidai nauyin saniya. Allura ƙasa da ƙima ita ke sa ƙwayar ta daina jin magani.