Tarukan Masana Tarihin Nubiya ta Zamanin Kiristanci, 1969 zuwa 2022

A wata tafiya ta aiki da na yi zuwa ƙasar Sudan a shekarar 2004, abokin tafiyata ya matsa sai mun leƙa Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum. Da muka hau bene sai ga zane-zanen bango jere, wasu sun fi mutum tsawo, na sarakuna da limaman Kirista baƙar fata sanye da alkyabbu, ga rubutu irin na Girkawa a gefensu. Na tambayi ma'aikacin wurin ko daga Habasha aka kawo su, ya ce a'a, daga arewacin Sudan ne, wani gari da ake kira Faras wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwa. Na ji kunya ƙwarai, domin na daɗe ina ɗaukar kaina mai bin diddigin tarihi, ga shi ban san cewa ƙasar da alhazanmu suka riƙa ratsawa da ƙafa ta yi shekaru kusan dubu tana da dauloli na Kirista ba. Abin da zan kawo a nan shi ne labarin tarukan masana da suka fito da wannan tarihi fili, da kuma inda nake ganin sun gaza.

Turawa suna da al'adar haɗuwa a kan lokaci don tattauna tarihin farkon Kiristanci da na tsakiyar zamani. Akwai taron Oksfod na masu nazarin rubuce-rubucen magabatan coci, wanda F. L. Cross ya soma a 1951, ana yinsa duk bayan shekara huɗu. Akwai na Kalamazu a Amurka tun 1962, da na Lids a Ingila tun 1994. Waɗannan manya ne, amma hankalinsu ya fi karkata ga Turai da Rum. Taron masana Nubiya ƙaninsu ne, kuma dalilin haihuwarsa ya bambanta da nasu, domin madatsar ruwa ce ta haife shi.

A 1960 Masar ta fara gina babbar madatsar Aswan a kan Kogin Nilu. Kowa ya san ruwan zai shanye ƙasar Nubiya ta arewa, don haka a watan Maris na wannan shekara hukumar UNESCO ta yi kira ga ƙasashen duniya su zo a ceci abin da za a iya ceta. Abin da duniya ta fi tunawa shi ne ɗage haikalin Abu Simbel na Fir'auna. Amma ayarin ƙasar Polan, ƙarƙashin Farfesa Kazimierz Michałowski, ya nufi wani tudun yashi a Faras, ya yi ta haƙa daga 1961 zuwa 1964. A cikin tudun suka iske babbar majami'a wadda Bishop Paulos ya gina a shekarar 707, yashi ya rufe ta ya adana ta. Bangonta na ɗauke da zane sama da 150, wani a kan wani, saboda duk bayan wani zamani sai a sake yaɓe a yi sabon zane. Sun kuma sami jerin sunayen bishop-bishop 28 na garin a rubuce a jikin bango. Duk wanda ya taɓa fama da jerin sarakunan garinsu ya san darajar wannan, domin da shi ake auna shekarun komai. An ɓamɓaro zanen daga bango kafin ruwa ya iso, aka raba: 67 suka tafi Warso, saura suka tafi Khartum. Ya kamata malamai su sani cewa cikin masu haƙan har da ayarin Jami'ar Ghana, wanda Peter Shinnie ya jagoranta a Debeira.

A 1969 aka baje kolin zanen Faras a birnin Essen na Jamus, aka haɗa da taron ƙara wa juna sani, kuma shi ake lissafawa taro na farko. Erich Dinkler ya tattara ƙasidun ya buga a 1970. Na biyu aka yi shi a Warso a 1972, shekarar da aka buɗe zauren Faras a gidan tarihin birnin, a nan aka kafa ƙungiyar masana Nubiya, Michałowski ya zama shugabanta na farko. Daga nan sai Shantiyi a Faransa 1975, Kambirij 1978, sannan aka tsaya a kan duk shekara huɗu: Haidelbag, Upsala, Janeba, Lil, Bostan, Rum, Warso, Landan, Nushatel, Paris, har aka sake komawa Warso a 2022.

Me aka tattauna a waɗannan zama? Kafin haƙan Faras, yawancin abin da aka sani game da Nubiya ya fito ne daga bakin baƙi. Yohana na Afisa ya ba da labarin yadda Yuliyanus ya kai Kiristanci Nobatiya wajen shekarar 543 da taimakon Sarauniya Tiyodora ta Rumawa, da yadda Longinus ya isa Alwa a 580. Marubutan Larabawa kuma sun ba da labarin yaƙin Dungula na 652, inda Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarh ya gamu da maharban Nubiya waɗanda aka yi wa laƙabi da masu harbin ƙwayar ido, har aka ƙulla yarjejeniyar Baƙt, wadda ta ɗora wa Nubiya bayar da bayi 360 a shekara, ta kuma ɗore kimanin ƙarni shida. Wani limamin Italiya, Giovanni Vantini, ya yi babban aiki da ya tattara irin waɗannan nassoshi wuri guda a 1975, kamar yadda Yusuf Fadl Hasan ya yi a kan shigowar Larabawa Sudan a 1967. Aikin tarukan shi ne ɗora waɗannan labarai a kan abin da ƙasa ta fitar, a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

An daɗe ana ja-in-ja a kan ko daular Makuriya ta bi aƙidar cocin Rumawa ne da farko ko ta Kibɗawan Masar. An yi gardama a kan yadda Michałowski ya kasa zanen Faras zamani-zamani bisa launi, wato na shuɗi mai ratsin ja, na fari, na ja da rawaya, da mai launuka da yawa. Na baya sun nuna cewa rabon bai tsaya daram kamar yadda ya zata ba. William Adams ɗan Amurka shi kuma ya bi ta tukwane da kasake, ya tsara su daki-daki har ya zama ana iya duba tsingaro a faɗi ƙarninsa. Ni dai wannan ne ya fi burge ni, domin aiki ne da ba ya bukatar komai sai haƙuri, kuma kufanmu cike suke da tsingaro ba mai ɗagawa.

Gyara mafi girma ya shafi ƙarshen labarin. Da ana koyar da cewa Kiristancin Nubiya ya mutu a 1317, lokacin da aka mai da zauren sarauta na Dungula masallaci. Sai a 1964 J. M. Plumley ya tono kabarin wani bishop mai suna Timotawus a Ƙasar Ibrim, tare da naɗaɗɗun takardu biyu na naɗinsa, ɗaya da Kibɗanci ɗaya da Larabci, na wajen 1372. Wasu takardun kuma suka nuna wani sarki Kirista mai suna Yowel yana mulkin Dotawo har cikin shekarun 1480, dab da kafuwar daular Funj ta Sinnar a 1504. Takardun nan da yawansu da tsohon harshen Nubiya aka rubuta su, da baƙaƙen Girkanci da Kibɗanci da aka ƙara wa wasu don sautukan da babu, kwatankwacin abin da malamanmu suka yi wa baƙaƙen Larabci a ajami. Cikinsu har da takardun cinikin gona da sunayen shaidu da abincin da aka ba su.

A nan zan ja kunnen malaman makaranta. Wasu marubuta na zamanin mulkin mallaka sun yi ƙoƙarin danganta labarin Kisra na Bargu da wasu alamomi masu kama da gicciye a ƙasashenmu da Kiristocin Nubiya da suka yi hijira yamma. Magana ce mai daɗin ji, amma kamannin suna ko na zane ba hujja ba ne, kada a koya wa yara ita a matsayin tabbas. Alaƙar da take tabbatacciya ta baya-bayan nan ce: hanyar hajji, da mutanen Mai Wurno da suka zauna a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, a kan kogin da kufan Soba, babban birnin Alwa, yake.

Sai dai duk wanda ya sake duba jerin garuruwan da na lissafa zai lura da abu guda. Taro goma sha biyar cikin shekara 53, goma sha huɗu a Turai, ɗaya a Amurka, ko ɗaya ba a yi a bakin Nilu ba. Masanan Sudan suna halarta suna gabatar da ƙasidu, amma wanda ya sami biza da kuɗin jirgi ne kaɗai. Mutanen Wadi Halfa kimanin 50,000 da aka kwashe zuwa Khashm al-Girba tun daga 1964, waɗanda Hasan Dafalla, jami'in da ya kula da kwashe su, ya rubuta labarinsu, ba su ne aka fi ji a zauren ba. Abin ya fito fili a lokacin madatsar Marawi, wadda aka gama a 2009, inda mutanen Manasir suka kori masu haƙa daga ƙasarsu, suna ganin an fi damuwa da ƙasusuwan matattu fiye da rayayyun da ruwa zai kora. Ban ga laifinsu ba.

Na kuma daɗe ina jin haushin zane 67 ɗin nan da aka kai Warso. Amma a watan Afrilu na 2023, 'yan watanni bayan taron 2022, yaƙi ya ɓarke a Khartum, mayaƙan RSF suka mamaye unguwar da gidan tarihin yake, suka zauna kusan shekara biyu. Da sojoji suka karɓe birnin a watan Maris na 2025, ma'aikatan suka koma suka tarar an farfasa akwatunan gilashi, an buɗe ɗakin ajiya, an kwashe zinariya da kayan da hannu zai iya ɗauka. Ginin da na hau benensa ke nan a 2004.