Zargina da Rundunar BIR a Arewacin Kamaru

Babbar hanyar da ta taso daga Ngaundere ta ratsa Garwa da Marwa zuwa Kuseri ita ce jijiyar kasuwancin arewacin Kamaru. Ta nan shanu da auduga da kayan Najeriya da Chadi ke wucewa. Daga ƙarshen shekarun 1980 hanyar ta faɗa hannun 'yan fashin da mutanen yankin ke kira zargina. Yaƙe-yaƙen Chadi sun watsa bindigogi a daji, kuma karya darajar sefa a Janairun 1994 ya ƙara jefa matasa cikin ƙunci.

Sauri shi ne jarin zargina. Sukan san ranar kasuwar dabbobi, su san motar da ta ɗauko dillalai da kuɗin ciniki. Sai su yi kwanton ɓauna a lanƙwasar hanya, su kwantar da fasinjoji, su kwashe abin da suka samu, kafin jandarmomi su iso sun tsallaka iyaka. Masanin tarihi Saïbou Issa, wanda ya wallafa littafi a kansu a 2010, ya danganta al'amarin da tsohuwar al'adar kai hari a yankin Tafkin Chadi.

Gwamnati ta fara da rundunar jandarmomi ta musamman a Marwa a 1998, wadda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka zarga da kashe mutane ba shari'a. A 1999 aka kafa wata ƙaramar bataliya ta soja, a 2001 ta zama rundunar kai ɗaukin gaggawa, wato BIR. Tsohon hafsan sojan Isra'ila Avi Sivan ne ya tsara horonta har rasuwarsa a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a 2010, kuma daga fadar shugaban ƙasa take karɓar umarni. Dabararta ita ce ta abokan gaba: ƙananan rukunoni, bayanan sirri, sai dirar mikiya.

Tare hanya ya ragu ƙwarai, wannan kuwa direbobi da fatake sun shaida. Amma 'yan fashin sun koma rugage suna sace 'ya'yan Bororo don kuɗin fansa, abin da ya raba iyalai da yawa da garkunansu, ya tilasta wa wasu ƙaura. Makiyayi ne ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa, kuma kukansa bai cika isa birni ba.

Daga 2014 aka juya akalar BIR zuwa yaƙi da Boko Haram a yankin Arewa Mai Nisa, inda ta tsare garuruwan iyaka irin su Fotokol da Kolofata. A 2015 Amurka ta girke sojoji kusan 300 a Garwa domin leƙen asiri ta sama. A Yulin 2017 ƙungiyar Amnesty ta zargi rundunar da azabtar da tsararru a sansaninta na Salak kusa da Marwa, zargin da gwamnatin Kamaru ta musanta.