Ciwon dajin huhu: shin yana warkewa da kansa?

Ciwon dajin huhu, wanda ake kira sankarar huhu, ƙari ne da ke tsirowa cikin huhu, ya yi ta girma, daga baya ya bazu cikin jiki. Shan taba ne babban sanadinsa: cikin masu ciwon 100, kusan 85 taba ce ta jawo masu. Hayaƙin itace ma yana ƙara haɗari, kamar na madafa ko na bandar kifi a bakin Komadugu.

Yana warkewa da kansa?

Wataƙila kun taɓa jin labarin wani da ciwonsa ya ɓace ba tare da magani ba. Hakan yana faruwa, amma da wuyar gaske. A shekarar 1966, likitoci biyu na Amurka, Everson da Cole, sun bi bayanan asibitoci na fiye da shekara 60. Mutum 176 kaɗai suka samu waɗanda dajinsu ya ragu da kansa, kuma na huhu bai taka kara ya karya ba a cikinsu. Masana suna ganin garkuwar jiki ce ke far wa ƙarin, wani lokaci bayan zazzaɓi mai tsanani. Sau da yawa ciwon yakan dawo. Saboda haka kada ku zauna jiran wannan sa'a.

Alamomin da za ku lura da su

Tari fiye da mako biyu, jini cikin majina, ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, dushewar murya, da rama ba dalili. Tarin fuka ma yana zuwa da irin waɗannan alamomi. Shi yana warkewa da magani na wata 6, kuma kyauta ake ba da shi a Nijar. Gwaji kaɗai ke bambanta su.

Abin da za ku yi

Ku je asibitin da ke kusa da ku a gwada majinarku. Idan an sha magani tarin bai tsaya ba, ku nemi a tura ku babban asibitin jihar Diffa a ɗauki hoton ƙirji. Daga nan ana iya tura ku Damagaram ko Yamai. Ana magance ciwon da tiyata, ko allurai masu kashe ƙwayoyin daji, ko gashi da haske na musamman, wanda aka fara yi a cibiyar yaƙi da daji ta Yamai a 2021.

Tafiyar tana da nisa, tana cin kuɗi, amma ƙarin da aka gano yana ƙarami ya fi sauƙin cirewa. Ku bar taba tun yau, ku yi addu'a, kuma ku nemi magani da wuri.