Hedfon da Jitar Bes: Yadda Kayan Aiki Ya Rabu da Kayan Jin Daɗi

A shekarar 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin, mutumin jihar Utah, ya harhaɗa hedfon da hannunsa a kan teburin kicin ɗinsa, kuma rundunar sojan ruwan Amurka ce ta fara saye a wurinsa. Babu ruwan sojojin nan da kiɗa. Bukatarsu ita ce mai karɓar saƙon rediyo ya ji siginar da ke zuwa daga nesa ba tare da hayaniyar jirgi ta danne ta ba. Haka ma ma'aikatan musayar tarho da suka riga su rataya irin wannan na'ura a kai, muryar mutum kawai suke nema, wadda layin tarho ke ɗaukowa tsakanin girgiza 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bes mai tsirkiya huɗu kuwa sau 41 take girgiza a daƙiƙa, ta mai tsirkiya biyar ta sauka har kusan 31. Ashe tun farko ba don irin wannan amo aka ƙera hedfon ba, daga baya aka yi ta faɗaɗa shi. Faɗaɗawar ta bi hanyoyi biyu mabambanta, kuma ra'ayina shi ne mai koyon bes ko mai ɗaukar kiɗa a ɗakinsa bai kamata ya kai kuɗinsa kasuwa ba sai ya san daga wace hanya abin da zai saya ya fito.

Hanya ta farko ta ma'aikata ce. A 1937 kamfanin Eugen Beyer na Berlin ya fito da DT 48, wanda ma'aikatan rediyo da masu ɗaukar sautin fim suka riƙe shekara da shekaru, har sai 2012 aka daina ƙera shi. Amma abin da ya mayar da hedfon dole a sutudiyo shi ne dabarar ɗora sauti bisa sauti, wadda Les Paul ya shahara da ita a farkon shekarun 1950, daidai lokacin da Leo Fender ya kawo Precision Bass kasuwa a 1951. Idan makaɗi zai bi kiɗan da aka riga aka ɗauka, tilas ya ji shi, kuma tilas makirufo kada ya ji shi, in ba haka ba tsohon sautin zai sake shiga cikin sabon. Daga nan hedfon mai rufaffen baya, wanda ke manne kunne ya hana sauti fita, ya samu gindin zama. Jitar bes na daga cikin kayan kiɗan da suka fi dacewa da wannan tsari, domin ana iya jona ta kai tsaye da na'urar ɗauka ba tare da lasifika ba, kamar yadda aka riƙa yi wa James Jamerson a sutudiyon Motown da ke Detroit. Abin da ake nema daga hedfon a wannan hanya ɗaya ne, ya faɗi abin da aka kaɗa, daɗi ko ba daɗi.

Hanya ta biyu ta masu sauraro ce, kuma ita ta fi kawo kuɗi. John Koss na Milwaukee ya fito da hedfon na sitiriyo a 1958 domin jin faifai a gida. Sennheiser ta kawo HD 414 mai buɗaɗɗen baya a 1968, mara nauyi, mai barin iska ta ratsa. Sony ta saki Walkman a 1979, kiɗa ya bi mutane titi da cikin mota, inda ƙugin injin ke haɗiye amo mai kauri, sai kamfanoni suka ga riba a ƙara masa ƙarfi. Abin ya kai ƙololuwa da Beats, na Dr. Dre da Jimmy Iovine, wanda ya shiga kasuwa a 2008, Apple kuma ta saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3. Wani abin lura shi ne a 1979 ɗin nan ce TEAC ta fito da Portastudio, na'urar da ke ɗaukar layi huɗu a kan kaset, wadda ta shigar da aikin sutudiyo cikin ɗakin kwana. Tun daga lokacin hanyoyin biyu suka haɗu a hannun mutum ɗaya: da abin da yake jin waƙa da rana, da shi yake aiki da dare.

A nan matsalar take. Hedfon da aka ƙara wa ƙarfin bes tamkar mudun da aka bugi gindinsa ne, kullum awonsa ba daidai ba, mai awon kuma bai sani ba. Wanda ke atisaye da shi zai ji kiɗansa ya cika ya batse, sai ya sassauta yatsunsa, ranar da ya tsaya cikin 'yan ƙungiya a neme shi a rasa. Kumburin amon yana kuma rufe kurakuran da atisaye ya kamata ya tona: ƙarar tsirkiya a kan ƙarfen wuyan jita, tsirkiyar da ba a danne ba tana ta ruri a ƙasa, bugun da ya fi ɗan'uwansa ƙarfi. In aka zo haɗa waƙa sai ya rage bes saboda yana jin ya yi yawa, waƙar ta fita a bushe.

Wani zai ce ai masu sauraro da irin wannan hedfon ɗin za su ji waƙar, to me zai hana a yi aikin da shi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai masu sauraro ba abu ɗaya suke riƙe da shi ba. Wani a mota zai ji, wani a babbar lasifikar biki, da yawa kuma a lasifikar waya, wadda ba ta iya fitar da girgiza 41 ko kusa da ita. Abin da ke sa a ji bes a waya shi ne amon da ke tashi a samansa, a ninki biyu da uku da huɗu na asalin girgizar, kuma wannan sashe ne hedfon mai kumburin bes ya fi dannewa. Wanda ya auna aikinsa da ma'auni na tsakiya ya fi kusa da kowane ɗaya daga cikin waɗannan masu sauraro.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa bes ba da kunne kaɗai ake jin sa ba, har da ƙirji da tafin ƙafa, kuma babu hedfon da zai ba da wannan. Haka ne, kuma duk wanda ya samu damar kaɗawa ta amfilifaya a fili mai faɗi kada ya bari ta wuce shi. Amma zangon igiyar sauti mai girgiza 41 ya haura mita 8, ya fi yawancin ɗakuna tsawo. A ƙaramin ɗaki mai bangon siminti sautin yana dawowa ya ci karo da kansa, ya yi yawa a lungu, ya ɓace a tsakiya, sannan ya ratsa bango ya tada maƙwabta. Hedfon yana fitar da ɗakin daga lissafi. Haɗarinsa na gaskiya yana wani wajen. Tun 1933 Fletcher da Munson na Bell Labs suka nuna cewa kunne ba ya jin amo mai kauri sosai idan sauti ya yi ƙasa, don haka mai bes kullum hannunsa na kan ƙara murya, ga kuma lasifikar manne da dodon kunnensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar baligi a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma da an ƙara ƙarfi kaɗan lokacin yake raguwa da sauri.

Sauran zaɓin ma daga wannan tarihi yake fitowa. Rufaffen baya shi ne na ɗauka idan akwai makirufo a buɗe, buɗaɗɗe kuma ya fi sauƙi a kunne wajen doguwar haɗa waƙa a wuri mara hayaniya, ko da yake yakan yi rauni a can ƙasan amo. Mai waya ya fi na Bluetooth, domin ɗan jinkirin da ke tsakanin taɓa tsirkiya da jin amonta ya isa ya ɓata wa makaɗi lokaci. Akwai kuma batun om, wato ma'aunin turjiyar hedfon ga wutar lantarki: DT 770 na Beyerdynamic, wanda ya fito a 1985, ana sayar da shi a 32 da 80 da 250, kuma mai 250 ɗin don na'urorin sutudiyo masu ƙarfi aka yi shi, waya ko ƙaramar kwamfuta ba za su tashe shi yadda ya kamata ba. Shi da MDR-7506 na Sony, na 1991, ba cikakku ba ne, dukansu suna da kaifi a saman amo. Abin da ya riƙe su fiye da shekara 30 a kasuwa shi ne ma'aikata sun san halinsu, kuma idan soson kunnen ya lalace ana samun sabo a sauya, abin da ya shafi mai bes kai tsaye, tunda soso da ya saki iska amo mai kauri yake fara zubarwa.